Ina son in fara shigo da kekunan lantarki daga waje, masu sana'ar ku ba ni shawara

Ɗan Autan Kasuwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara shida ke nan ina sayar da kekunan feda da kayan gyaransu, kuma yanzu da wuya rana ta fito ta faɗi ba a samu wanda ya tambaye ni ko ina da na lantarki ba. Na ɗan tara jari. Wani kamfani a ƙasar Sin da muke magana da su ta intanet sun ce za su ba ni dilancin kayansu idan na ɗauki kwantena guda mai ƙafa 40. Sun turo hotuna da bidiyo. Injin 500W ne, batir 48V 20Ah, sun ce caji ɗaya yana kai kilomita 120. Sharaɗinsu in ba da kashi 30 kafin alƙalami, ragowar 70 kafin a loda kaya. Raina ya kwanta da abin, sai dai duk abin da na mallaka ne zan zuba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Alhaji Mai Kwantena:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin mu yi nisa, ka taɓa hawa keken nasu? Ka taɓa riƙe batirin a hannunka?

Ɗan Autan Kasuwa:
A'a Alhaji, a bidiyo kawai na gani.

Alhaji Mai Kwantena:
To cinikin biri a sama kake shirin yi. Tsarin 30 da 70 ba shi da aibi, haka yawancin masana'antun can suke karɓar kuɗi. Aibin shi ne ka biya 70 ɗin ba wanda ya buɗe kwali ya duba a madadinka. Abu na farko, ka sayi samfur biyu ko uku, ka biya kuɗin kawo su ko da ya yi maka tsada, ka hau su wata biyu cikin rana da ruwa da hawan tudu. Abu na biyu, ka gano da wa kake magana. Da yawa daga masu kiran kansu masana'anta a intanet 'yan tsakiya ne, ofis da waya kawai gare su. Ba haramun ba ne ka saya wajen ɗan tsakiya, amma ka san cewa ranar da kaya suka ba da matsala ba shi da ikon gyara komai. Ka ce su nuna maka takardar rajistar kamfaninsu, ka duba ko sunan da ke jikinta shi ne sunan asusun bankin da za ka tura wa kuɗi. Idan aka ce ka tura asusun wani mutum daban, ka tsaya nan.

Malam Injiniya:
Barkanku da war haka. Ƙanina, lambobin da suka ba ka su na fi so mu tsaya a kai, domin a wannan sana'a batir shi ne kayan, keken rakiya ya yi.

Ka ninka 48 sau 20, ka samu 960Wh. Wannan shi ne makamashin da batirin ke riƙewa idan rubutun jikinsa gaskiya ne. Keken lantarki yakan ci tsakanin 10 zuwa 20Wh a kowace kilomita, ya danganta da nauyin mahayi, da hanya, da iska, da ko yana taka feda ko totur kawai yake murɗawa. In ka raba 960 da wannan, kilomita 48 zuwa 96 za ka samu. Ka ga ke nan kilomita 120 ba za ta samu ba sai ga mutum marar nauyi, a kan shimfiɗaɗɗen titi, yana tafiya a hankali yana kuma taka feda. Mai sayen da zai ɗora buhu ya murɗa totur, rabin haka ma ya gode. Idan ka maimaita wa masu saye 120 ɗin nan da bakinka, kai za su kira maƙaryaci, kamfanin ba su san shi ba.

Sannan shi kansa 20Ah ɗin sai an tabbatar. A cikin akwatin batir ƙananan ƙwayoyi ne aka jera, waɗanda aka fi sani su ne 18650, wato kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ana jera 13 a layi kafin a samu 48V. Mafi kyawun irin wannan ƙwaya tana riƙe kusan 3500mAh, wato 3.5Ah, nauyinta kuma ya kusa giram 50. Domin a samu 20Ah sai an yi layi shida, 13 sau 6, ƙwaya 78 ke nan. Ƙwayoyin kaɗai sun haura kilo uku da rabi, ban da akwati da wayoyi. Idan samfurin ya iso ka ɗora batirin a sikeli. In ka ga kilo biyu da rabi, ba sai ka kira kowa ba, ka riga ka san amsar.

Ɗan Autan Kasuwa:
Ikon Allah. Malam, sun rubuta mini cewa ƙwayoyin Samsung ne a ciki.

Malam Injiniya:
Samsung da LG da Panasonic suna yin ƙwayoyi masu kyau, akwai kuma kamfanonin Sin masu yin nagari. Amma rubutu a takardar talla ba hujja ba ne. Ka ce su rubuta maka lambar samfurin ƙwayar a cikin yarjejeniyar ciniki. Idan samfur ya zo, ka sadaukar da batir ɗaya, a samu wanda ya iya ya buɗe shi a hankali ya karanta abin da ke jikin ƙwayoyin, ya kuma dubi ɗan allon da ake kira BMS. Shi ne ke yanke wuta idan caji ya cika, ko ya yi ƙasa da yawa, ko batirin ya ɗauki zafi. Masu son rage kuɗi a nan suke fara tsuke hannu, domin mai saye ba ya ganin wurin.

Alhaji Mai Kwantena:
Bari in ƙara a kan maganar Malam da abin da ya same ni. Odata ta biyu, samfurin da aka turo mini lafiyayye ne, mun buɗe mun gani. Na saki jiki ban tura mai dubawa ba. Kaya suka iso, wata huɗu ba a yi ba mutane suka fara dawowa da batura, wannan ba ya riƙe caji, wancan yana mutuwa a kan tudu. Da muka buɗe sai muka tarar da wasu ƙwayoyi daban marasa ko suna. Na yi ta rubuta musu, suka ce caja ce masu saye ba su iya amfani da ita ba. Daga aljihuna na canza wa mutane, domin fuskata suka sani. Ribar kwantenar gaba ɗaya a nan ta tafi, har ta taɓa uwar kuɗi. Tun daga lokacin ba na sakin kashi 70 sai wanda na ɗauka ya shiga masana'antar, ya zaɓi kwalaye da hannunsa, ba waɗanda aka ajiye masa a gaba ba, ya buɗe, ya auna, ya turo mini hoto. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek. Kuɗin da za su karɓa bai kai na keke biyu ko uku ba.

Baban Ummi:
Ni fa ina da ja a kan tushen maganar. Me ya sa dole sai ya shigo da kaya da kansa? Mutumin da bai taɓa sayar da keken lantarki ko ɗaya ba, za a ce ya fara da kwantena? Ya je wajen wanda ya riga ya shigo da su a ƙasarsa, ya sari goma, ya sayar, ya ga irin wanda mutane ke so da irin matsalar da suke dawowa da ita. Ribar ba za ta yi yawa ba, amma in abin bai karɓe shi ba zai fita da jarinsa.

Alhaji Mai Kwantena:
Baban Ummi, wanda ya tsaya sari a hannun wani har abada yaron shagon wani ne. Farashi na mai kaya ne, ranar da ya ga dama ya buɗe shago kusa da kai ya karya kuɗi. Yaron nan yana da shekara shida a harkar keke, ba baƙo ba ne.

Baban Ummi:
Alhaji ban ce har abada ba. Na ce goma na farko. Ai ku da kanku yanzu kuka ce kun yi asarar ribar kwantena, kuma kuna da ƙarfin da za ku tashi. Shi ya ce duk abin da ya mallaka ne. Faɗuwar mai kwantena goma daban, ta mai kwantena ɗaya daban.

Alhaji Mai Kwantena:
Wannan kam gaskiya ka faɗa. Ban ce ya zuba duka ba. Akwai hanyar tsakiya, ya haɗa kaya da wasu a kwantena ɗaya, ko ya ɗauki mai ƙafa 20. Sai dai ya sani, kayan da ke da batirin litiyam ba kowane mai haɗa kaya ke yarda ya cusa su cikin na mutane ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Sallama gare ku. Ni aikin fiton kaya na sani, don haka ta nan zan shigo. Abin da Alhaji ya faɗa a ƙarshe shi ne inda sababbi suka fi ƙonewa. Batirin litiyam a dokar sufuri ta duniya kaya ne masu haɗari, aji na 9. Wanda aka ɗauko shi kaɗai ba a jikin keke ba, lambarsa UN3480. Kamfanin jirgi zai nemi shaidar cewa irin wannan batir ya ci gwajin da ake kira UN 38.3. Gwaje-gwaje takwas ne, ana jijjiga shi, a buga shi, a sa shi cikin zafi da sanyi, a haɗa wayoyinsa, a cika masa caji fiye da kima. Ka nemi takardar tun kafin ka ba da ko sisi, kuma ka duba ko lambar batirin da ke jikinta ita ce ta wanda za a sayar maka. An sha turo wa mutane takardar wani batir daban.

Wani wakilin zai ce maka ka bari a rubuta kayan a matsayin kekunan feda ko kayan gyara, don a samu sauƙin kuɗin jirgi da na kwastan. Ƙanina kada ka yarda. Keken feda lambarsa a kundin kwastan na duniya 8712, keken lantarki kuma yana ƙarƙashin 8711.60, gida ɗaya da babur mai lantarki. Batirin litiyam 8507.60. Idan aka buɗe aka ga saɓani, tara ce ko kwace kaya, kuma kowace rana da kwantena ta ƙara a tasha kuɗi ne ke hawa kanka. In kuwa wuta ta tashi a jirgi daga kayan da ka ɓoye, inshora ba za ta san da kai ba.

Sai maganar farashi. Ka tambaye su kuɗin da suka yanka maka a kan wane sharaɗi ne. Idan EXW ne, daga ƙofar masana'anta komai naka ne. Idan FOB ne, su za su kai kaya har cikin jirgi a tasharsu, daga nan kai ne. Idan CIF ne, sun haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tashar ƙasarka, amma fito da kwastan suna wuyanka. A yawancin ƙasashe kwastan suna lissafin harajinsu ne a kan kuɗin kaya haɗe da na jirgi da inshora, ba kuɗin kaya kaɗai ba. Ka zauna da takarda ka rubuta komai: jirgi, inshora, haraji, ladan mai fito, motar da za ta kai sito, hayar sito, ladan masu haɗawa, da abin da canjin dala zai iya yi maka tsakanin ranar da ka ba da kafin alƙalami da ranar da ka sayar da keke na ƙarshe. Watanni ne a tsakani. Sai ka raba da yawan kekunan. Wannan shi ne kuɗin kekenka, ba wanda ke cikin hoton da suka turo ba.

Ɗan Autan Kasuwa:
Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. FOB suka ce. Sun kuma ce idan na yarda a turo su a wargaje, kwantenar za ta ci fiye da haka.

Hajiya Mai Lissafi:
Haka ne, wargajajje ya fi shiga, kuma wasu ƙasashen suna sassauta haraji ga kayan da za a haɗa a cikin gida. Amma ka tambayi kwastan na ƙasarka a rubuce kafin ka yanke shawara. Akwai ƙa'idar da ke cewa kayan da aka kawo a wargaje, in dai dukkan sassansa suna nan, ana iya yi masa kuɗi kamar haɗaɗɗe.

Oga Bakanike:
Ranku ya daɗe manya, ku ba ni dama. Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma kowa yana maganar yadda kaya za su iso. Ni a wajena suke ƙarewa, don haka bari in faɗi abin da ke faruwa bayan wata shida.

Abin da ke kawo keken lantarki wajen gyara ba inji ba ne galibi. Caja ce ta ƙone. Kwantirola ce, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, ruwa ya shiga. Allon da ke kan hannu ne ya fashe. Wayar da ta fito daga tsakiyar tayar baya ce ta murɗe ta tsinke. Takalmin birki ne ya cinye, domin keken ya fi na feda nauyi da gudu. Siraran ƙarafan da ke riƙe da rim ɗin baya ne suka karye saboda nauyin inji. Duk ƙananan abubuwa ne. Amma in babu su a ƙasa, keken da mutum ya tara kuɗin shekara ya saya sai ya jingine shi a bango saboda abin da bai fi tafin hannu ba. Na ga dila da ya sayar da kwantena guda cikin wata uku yana murna, bai kawo ko kwantirola ɗaya ta canji ba. Bayan shekara ya daina zama a shagonsa saboda masu nemansa.

Shawarata, ka rage yawan kekunan, ka cika gurbin da kayan gyara. Caja, kwantirola, allo, totur, hannun birki mai yanke wuta, takalmin birki, tayoyi da tub daidai girman naka, da 'yan batura. Kuma kada ka kawo kala biyar. Ka kawo ɗaya ko biyu waɗanda kayansu ke shiga juna. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ka karɓi kuɗin mutum ka karɓi gyaransa.

Mazaunin Turai:
Ina aiki a shagon kekuna a nan Turai, kuma ina ganin kuna kallon ɓangare ɗaya ne kawai. Me zai hana ya nemi dilancin kamfani mai suna? Kekunan da ke ɗauke da injin Bosch na Jamus ko Shimano na Japan ba sa ba da irin wannan ciwon kai. Giant na Taiwan ma suna da dilolinsu a ƙasashe da dama. Suna ba da garanti na gaske, suna horar da makanikai. Araha ba ta ado.

Oga Bakanike:
Yallaɓai, kayan suna da kyau, ban musa ba. Amma ka faɗa masa sauran. Injin Bosch sai da batirin Bosch, kuma in ya nuna matsala sai an jona shi da kwamfutar dilansu kafin a san ciwon. A inda kamfanin ke da ofis da sito, wannan ba komai ba ne. A inda ba su da kowa, keken ya zama gawa. Ni na fi son injin cikin taya irin na Bafang da makamantansu, wanda in kwantirola ta mutu zan iya sa wata. Kai da kake can ai ka fi ni sanin abin da ya faru da VanMoof.

Mazaunin Turai:
Na sani. Kamfanin Holan ne, kotu a Amsterdam ta ayyana karyewarsa a watan Yulin 2023. Kekunansu kusan komai na jikinsu nasu ne su kaɗai, har buɗe keken da manhajar waya ake yi. Da suka durƙushe mutane suka rasa inda za su kai gyara, sai daga baya wani kamfani ya saye su. Na yarda da kai a nan. Amma wannan ba ya nufin a koma wa marar suna. Ko a Sin ɗin akwai manya irin su Yadea da ke Wuxi da Aima da ke Tianjin, ba ɗaya suke da mai haɗa kaya a bayan gida ba.

Abin da ya kawo ni ma dai doka ce. Ƙanina, 500W ɗin da ka ambata, a Tarayyar Turai wannan ba keke ba ne. Keke a wajensu shi ne wanda injinsa bai wuce 250W ba, yana taimakawa ne kawai idan ana taka feda, kuma yana ɗauke hannu a gudun kilomita 25 a awa. Abin da ya wuce haka ya shiga sahun babur, sai da rajista da inshora. A Amurka dokar tarayya ta tsaya a ƙasa da 750W da gudun mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32. A Sin kanta, ƙa'idar da ta fara aiki a 2019 ta tsayar da gudu a kilomita 25, inji 400W, batir kada ya wuce 48V. Kowace ƙasa da layin da ta ja. Ka je hukumar da ke kula da hanya da ta ingancin kaya a ƙasarka ka ji a wane sahu za su sa kayanka, tun kafin a ƙera su. In suka ce babur ne, masu sayenka za su buƙaci lamba da lasisi, kuma rabinsu don gudun wannan ne suke son keke.

Haraji ma yana iya sauyawa dare ɗaya. A watan Janairun 2019 Tarayyar Turai ta ɗora wa kekunan lantarki na Sin ƙarin haraji, na wasu kamfanonin ya haura kashi 60. Masu shigo da kaya da dama a nan suka canza sana'a ko suka koma haɗawa a cikin Turai.

Matashi Mai Gudu:
Ni dai a matsayina na mai saye, in keke ba ya wuce 25 ba zan saya ba. Ai ana cire takunkumin a cikin allo. Dila mai wayo shi ne zai cire wa mutane, kasuwa ta buɗe masa.

Oga Bakanike:
Ƙanina, ana cirewa, na san yadda ake yi, kuma ba na yi. Birki da rim da taya an yi su ne daidai wani gudu. Ka ƙara gudu, inji ya ja wuta fiye da kima, kwantirola ta yi zafi, batir ya tsufa da wuri, sannan ranar da yaro ya gitta gabanka birkin ba zai tsayar da kai inda ya saba ba. Dilan da ya cire da hannunsa, hakkin wanda aka buge yana wuyansa, garantin kamfani kuma ya tashi.

Malam Injiniya:
Tunda an zo maganar rai, akwai abin da ba zan yi shiru a kai ba. Ɗan Auta, a ina za ka ajiye kayan?

Ɗan Autan Kasuwa:
Akwai ɗaki a bayan shagona Malam. Sama kuma mutane ne ke haya.

Malam Injiniya:
To wannan ka sake shi tun yau. A watan Yunin 2023 wuta ta tashi cikin dare a wani shagon gyaran kekunan lantarki a birnin Niyok, mutum huɗu da ke zaune a saman shagon suka rasu. A watan Fabrairun 2024 a Nanjing ta ƙasar Sin, wuta ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani dogon bene, mutum 15 suka mutu. Wutar litiyam ba irin wadda ka sani ba ce. Ƙwaya ɗaya ta kama, zafinta ya kunna ta kusa da ita, haka har akwatin ya ƙare, da hayaƙi mai guba, kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Shi ya sa tun 2023 birnin Niyok ya hana sayar da keken lantarki da bai ci gwajin ingancin kayan wuta da ake kira UL 2849 ba. Ko ƙasarka ba ta tilasta ba, ka tambayi masana'antar ko suna da wannan shaida ko ta EN 15194 ta Turai. Yadda za su amsa ma zai nuna maka ko su waye.

Batura a ajiye su a wuri mai sanyi da iska, nesa da inda ake kwana, nesa da ƙofar fita. Kada a bar su cike taf, kada a bar su babu komai, wajen rabi ya fi, kuma duk bayan 'yan watanni a duba. Batirin da ya kwana wata takwas a sito babu caji yana iya mutuwa tun ba a sayar ba, wannan ma wani dalili ne na kada ka kawo abin da ya fi ƙarfin kasuwarka. Kada a yi caji cikin dare babu mai gani. Batirin da ya faɗi ya lotsa, ko ya kumbura, ko ruwa ya shige shi, a fitar da shi waje.

Caja kuma ka gaya wa kowane mai saye da bakinka: batirin 36V cajarsa 42V take bayarwa, na 48V kuma 54.6V. Bakinsu yana iya zama iri ɗaya. Mutum ya ari cajar maƙwabci don ta shiga ramin, daga nan ake samun gobara.

Baban Ummi:
To Malam, in haka ne ba gara batirin dalma ba, irin na da? Ya fi araha, ba ya wannan tashin hankali.

Malam Injiniya:
Yana da masu so, a Sin ma har yanzu ana amfani da shi sosai. Amma ya ninka litiyam nauyi sau uku ko fiye, kuma yana saurin gajiya, musamman in ana barinsa ya ƙare tas. Mai hawa bene da batir a hannu ba zai gode maka ba. Akwai wani nau'in litiyam da ake kira LFP, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, ya fi wuyar kamawa da wuta, sai dai ya ɗan fi girma da nauyi. In masana'antar tana yi, ka sa a turo maka samfurinsa. Cajarsa daban ce, kada a haɗa.

Alhaji Mai Kwantena:
Saura maganar dilancin da suka yi maka alkawari. Dilanci na baki ba dilanci ba ne. A rubuta: wane yanki ne naka, shekara nawa, guda nawa za ka riƙa ɗauka kafin su ci gaba da riƙe maka, kuma me zai faru in suka sayar wa wani a yankinka. A rubuta garanti, wata nawa a kan batir, wata nawa a kan inji, daga ranar da aka loda ko daga ranar da ka sayar, kuma wa zai biya kuɗin kawo abin canji. Mayar da mataccen batir zuwa masana'anta kusan ba ya yiwuwa, don haka gara ka nemi su saka maka kayan canji kyauta a cikin kwantenar tun farko. In za ka sa sunanka a jikin keken, ka yi wa sunan rajista a ƙasarka kafin kaya su iso. Kuma ka lura da lokaci, masana'antun Sin suna rufewa makonni saboda bikin sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu, kayan da aka yi cikin gaggawar gab da hutu sun fi yawan kuskure. In Allah ya hore maka, ka je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou duk Afrilu da Oktoba, ko na kekuna da ake yi a Shanghai a watan Mayu. Gani ya kori ji.

Ɗan Autan Kasuwa:
Iyayena na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na fasa kwantenar a yanzu. Na rubuta musu ina son samfur uku, da takardar UN 38.3, da lambar ƙwayoyin batir, da rajistar kamfani. Kafin su iso zan sari 'yan kaɗan a hannun mai shigowa kamar yadda Baban Ummi ya ce, in ga abin da ke dawowa. Ɗakin bayan shago kuma na cire shi a lissafi, zan nemi wuri daban. Oga Bakanike, yarona ya iya gyaran keken feda sosai amma bai san wuta ba. Da me zai fara?

Oga Bakanike:
Ka saya masa mita ta auna wuta, ya koyi auna batir da caja da bin waya ya gano inda ta tsinke. Idan samfurin ya zo, ka ware ɗaya ya zama nasa, ya kwance shi gaba ɗaya ya mayar, sau uku, yana ɗaukar hoton kowace mahaɗar waya kafin ya cire. Akwatin batir kaɗai kada ya buɗe sai tare da wanda ya sani. In ya kai nan ka turo shi zauren, zan nuna masa yadda ake gane ko kwantirola ce ta mutu ko inji.